Darasin Asabar: yadda muke koyon sa "the tip of the iceberg" a insha'i

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta yadda darasin Asabar ke tafiya. Yaran 'yan ajin ƙarshe ne na sakandare, masu shirin zana WAEC a bana, kuma a zauren gidanmu muke zama daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Niyyata a wannan zango mu ɗauki salon maganar Turanci guda ɗaya tak mu bi shi har gindinsa, daga baya in haɗa 'yar takarda mai shafi huɗu da kowa zai riƙe. Na sha gyara takardun yaran da suka haddace salon magana hamsin, amma ko ɗaya ba su iya ajiye shi inda ya dace ba. Gara su mallaki guda sosai, hanyar da suka bi ta yi musu amfani a kan sauran.

Wanda na zaɓa shi ne "the tip of the iceberg". Da wuya ka karanta jaridun Turanci na ƙasar nan mako guda ba ka ci karo da shi ba, kuma yara suna son sa. Ƙamusun masu koyon Turanci suna bayyana shi da cewa ɗan abin da ake gani ne na wata matsala wadda ainihin girmanta a ɓoye yake.

Kafin in yi bayanin komai na ce kowa ya rubuta jimla ɗaya da shi. Mafi yawansu "a tip of the iceberg" suka rubuta. Wasu sun rubuta "ice bag", don haka kunnensu ke ji. Wani ya rubuta "tip off". Abin da ya fi tsaya mini shi ne kusan kowa a kan abin alheri ya ɗora shi: kyautar da babansa ya yi masa, ko hanyar da aka shimfiɗa a unguwarsu. Na tattara takardun na ajiye, da su za mu auna kanmu a ƙarshe.

Kwali biyu da alƙalamin maka ɗaya, naira 1,100.

Laraba, 15 ga Janairu

Na karɓo tsofaffin jaridun Turanci wajen mai ƙosai na bakin layi, kafin ta yayyaga su. Na yi daren jiya ina yanko duk inda salon ya fito ina liƙawa a kwali. Ruwan gam naira 400.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na tambayi ajin mene ne "iceberg" ɗin kansa. Shiru. Wata ta ce ƙanƙarar firji ce. Ba laifinsu ba ne, abin ba na ƙasarmu ba ne, amma wanda bai san siffar abu ba ba zai iya siffanta wani abu da shi ba.

Na yi musu bayani. Tsaunin ƙanƙara ne da ke ɓallewa daga manyan ƙanƙarar da ta lulluɓe tsibirin Girinlan da nahiyar Antatika, can ƙarshen arewa da kudancin duniya, ya faɗa teku yana yawo. Asalinsa dusar ƙanƙara ce da ta yi shekaru aru-aru tana taruwa tana dannuwa, saboda haka ruwan daɗi ne, ba na gishiri ba. Turawan Ingila sun aro sunan ne daga harshen mutanen Holan, inda "berg" ke nufin tsauni, shi ya sa ake rubuta shi da harafin e, kalma ɗaya ba tsinkewa. Lita ɗaya ta ƙanƙara nauyinta kusan gram 917 ne, ta ruwan teku kuwa kusan gram 1,025. Idan ka raba na farko da na biyu za ka ga kusan kashi tara cikin goma na tsaunin a ƙarƙashin ruwa yake. Kan da ke leƙowa, shi ne "tip".

Na ba su labarin jirgin ruwan Titanic, wanda ya taso daga Ingila zai je Niyok, ya gogi irin wannan tsauni a arewacin tekun Atilantika daren 14 ga Afrilu, 1912, ya nutse kafin asuba da mutum sama da 1,500. Ɓangaren da ke ƙarƙashin ruwa ne ya ɓarke gefen jirgin. Na jaddada wannan domin tun daga tushensa salon yana ɗauke da haɗari.

Sun rubuta lissafin, amma na ga a idonsu bai shiga ba. Na yi alkawarin kawo ƙanƙara su gani da idonsu. Matsalar ita ce hunturu ya kankama, masu sayar da ita a unguwarmu duk sun daina yi.

Asabar, 25 ga Janairu

Rubutun kalmomi da furuci kawai. Mun daɗe a kan harafin p, domin da yawa "tif" suke cewa. Hazo ya yi yawa, rabin aji sun makara.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwajin ƙanƙara bai yi ba, kuma ina so in rubuta dalilan dalla-dalla don kada a maimaita.

Na sami ƙanƙarar a wajen masu kifi a kasuwa, ƙulli biyu na leda, naira 600, ban da kuɗin acaba. Na zuba ruwa lita goma a bokiti, na narkar da gishiri gram 350, tunda ruwan teku gishirinsa kusan gram 35 ne a kowace lita. Muka saka ƙulli guda. Da farko dai bokitin baƙi ne, ba a ganin abin da ke ƙasa sai an leƙa ta sama, alhali na ƙasan muke son gani. Sannan ita ƙanƙarar fara ce sol, cike da iska, ga rami a tsakiyarta inda ruwan bai gama daskarewa ba. Sai ta kwanta a kaikaice ta taso sama sosai. Wani yaro ya sa rula ya ce, "Malam, wannan ai ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu." Gaskiyarsa, abin da ya gani ke nan. Na ce masa lissafin na yawan jikin ƙanƙarar ne gaba ɗaya, tsawon da ya leƙo kuwa ya danganta da siffarta. Ya gyaɗa kai don ladabi, amma bai gamsu ba, kuma ina ganin daidai ne kada ya gamsu sai ya gani.

Kafin mu gama musu ƙullin ya narke ya kife. Wannan kaɗai muka tsinta, domin tsaunukan teku ma haka suke juyawa idan ƙasansu ya zaizaye.

Shiri na gaba: in daskarar da tawa a robar bota mai kusurwa huɗu, da tafasasshen ruwa don iskar ta ragu, in kuma nemi mazubi mai haske. Maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo ta yarda in sa a firizarta. Na ce, "Hajiya, nawa zan ba da?" Ta ce in bari, ai karatun yara ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Tun Talata babu wuta. Hajiya ta aiko cewa robar tana nan ruwa tsululu. Na kai ta wajen wani mai shagon lemo da ke tayar da janareta, naira 500.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, yau an dace. Na yanke kan babbar gorar ruwa ta roba mai haske, muka zuba ruwan gishiri. Ƙanƙarar ta fito garau, kaurinta ya kai santimita shida. Ta kwanta a shimfiɗe, yara suka durƙusa suna kallo ta gefe. Abin da ya leƙo sama bai kai santimita ɗaya ba, sauran duk yana ƙasa, kuma ana ganin layin ruwan ya yanke ta sarai. Wanda ya yi gardama makon jiya shi na miƙa wa rular. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Yanzu kam na yarda, Malam."

Wata yarinya da kakanninta ke zaune a bakin kogi ta ce kamar kada ne, ido da hanci kawai za ka gani a saman ruwa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ta kamo abu biyun da nake nema: na ɓoyen ya fi yawa, kuma shi ne mai cutarwa. Zan sa shi a takardar.

Daga nan muka koma kan ƙirar jimlar. Na rubuta a kwali cewa "the" biyu ne, ɗaya kafin "tip", ɗaya kafin "iceberg". Tsauni ɗaya kai ɗaya gare shi, saboda haka ba a cewa "a tip". Yawanci "just" ko "only" ko "merely" na zuwa gabansa. Ko da abin da ake magana a kai jam'i ne, salon yana nan a tilonsa: "These cases are only the tip of the iceberg." Ba a jam'inta shi. Ba ya kuma bukatar a sa shi cikin alamar zancen wani, ko a yi masa sharar fage da cewa kamar yadda masu iya magana ke faɗa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na kai wa tsohon malamina na Turanci kwalin jaridun. Ya yi ritaya, amma kansa na nan daram. Ya duba ya ce "a tip of the iceberg" ta riga ta zauna a Turancin Najeriya, manyan 'yan jarida ma na rubutawa, don me zan takura wa yara? Na ce, "Ranka ya daɗe, a baki ban hana su ba. Mai gyaran takarda ne zai ja jan layi." Ya amsa wannan. A kan ɗora shi bisa abin alheri kuma ya ce Turawan kansu sukan yi wani lokaci, misali a talla. Na yarda haka ne. Sai dai ɗalibin da ke neman maki gara ya tsaya inda ƙamus ya fi ƙarfi, wato kan matsala.

Hirar ta sa na gane daga inda yaran suka ɗauko amfanin nasu. "Somin taɓi" suke ji a ransu. Ɗan siyasa kan buɗe rijiya ya ce wannan somin taɓi ne, wato akwai ƙari nan gaba, kuma yana iya zama na daɗi ko na wuya. Salon Turancin kuwa ba ya maganar gobe. Cewa yake yi sauran abin yana nan yanzu, ido ne bai kai gare shi ba. Wannan bambanci zai ci shafi guda a takardar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Darasin da na fi ba muhimmanci. Na ce musu duk wanda ya rubuta wannan salo ya yi iƙirari ne, ya ce akwai wani babban abu da mai karatu bai gani ba. To, da me ka sani? Idan ba ka da amsa, ka yi zargi ne ba hujja, ko da jimlar ta yi kyau a ido. Saboda haka gurbinsa a tsakiya yake. Kafin shi sai an nuna abin da ake gani, da sunansa ko adadinsa. Bayan shi kuma dole a faɗi abin da ke ɓoye da dalilin ɓoyuwarsa. Idan ka buɗe insha'i da shi, mai karatu bai ga kan ba tukuna. Idan ka rufe da shi ba tare da bayani ba, ka ɗauki bashin da ba ka biya ba.

Misalin da na kawo shi ne shan inna, tunda babu yaron da bai ga masu ɗigon riga-kafi a ƙofar gidansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum 200 da suka kamu da ƙwayar cutar, kusan ɗaya ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa. Mafi yawan sauran ba sa nuna wata alama, amma suna yaɗa ta ta bayan gida. Shi ya sa idan aka ga yaro ɗaya ya shanye, ma'aikatan lafiya ba sa ɗaukar sa a matsayin mutum ɗaya, sai su bi yankin duka da riga-kafi. Haka aka yi a 2016, lokacin da nau'in cutar da ake kira na daji ya sake ɓulla a Borno bayan shekara biyu ba a gan shi a ƙasar nan ba. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i.

Muka gina sakin layin tare a kan kwali. Jimlar farko ta faɗi yaron da aka gani. Ta biyu: "One paralysed child is only the tip of the iceberg." Ta uku da ta huɗu suka kawo ɗaya cikin 200 da yadda cutar ke yawo shiru. Na sa hannu na rufe jimloli biyun ƙarshe na ce su karanta, suka ce ya zama fanko. Na buɗe su na rufe ta farko, suka ce ba a san kan me ake magana ba.

Wani ya tambaya, idan mutum yana kyautata zaton akwai na ɓoye amma ba shi da adadi fa? Tambaya mai kyau. A nan sai a sassauta aikatau, a ce "may be" ko "is probably", sannan a kawo dalilin zaton. Wanda ke rubutu kan satar amsa, alal misali, yana iya cewa waɗanda aka kama kaɗai ake ƙirgawa, kuma mai sa ido ɗaya ba zai ga ɗaki duka a lokaci guda ba. Wannan dalili ne, ko babu lamba.

Aikin gida: maƙala ta jarida kan shaye-shaye tsakanin matasa, kalma 450 kamar yadda WAEC ke nema.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na gyara aikin gidan, kuma raina bai yi daɗi ba. "The" biyun sun zauna, babu sauran "ice bag". Amma yanzu son salon ya yi musu yawa. Wata ta sa shi a kowane sakin layi. Wani ya rubuta cewa dole gwamnati ta tumɓuke "the tip of the iceberg" tun daga saiwarsa, da "uproot". Wani ya ce a kashe shi kafin ya zama gobara. Wasu sun gauraya shi da "scratch the surface", wanda salo ne daban mai nufin an ɗan taɓa saman magana ba a zurfafa ba.

Na dawo da gorar ruwan, ba ƙanƙara, na ajiye a tsakiya. Na ce kowa ya karanta jimlarsa yana kallon ta, ya tambayi kansa ko abin da ya rubuta zai yiwu a ciki. Ƙanƙara ba ta da saiwa, ba ta kama wuta. Suka yi ta dariya, amma sun gane. Da zarar ka aro hoto ɗaya a jimla, duk aikataun da zai biyo baya sai ya zama wanda hoton zai iya ɗauka. Ana iya ganin kan, ana iya gano shi, shi ke nan kusan.

Na kafa doka: sau ɗaya a insha'i guda. Na tuna musu yadda ake raba maki 50 na insha'i: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar nahawu da rubutu. Salon da ya faɗa gurbinsa yana ƙara wa kason 20 ɗin nan, wanda aka maimaita ko aka gauraya kuwa daga nan yake ragewa. Ga ni ma, abin ya wuce maki. Wannan salo ya sha jiki a jaridu har ya soma dusashewa, kuma abin da ke dawo masa da ƙarfi shi ne hujjar da ke biye da shi.

Mun kuma zayyana inda ba ya shiga. Wasiƙar neman aiki ba gurbinsa ba ce. A sashen taƙaitawa ma ba a son ado, sai a faɗi ma'anar kai tsaye, cewa matsalar ta fi yadda ake gani girma. A sashen auna fahimta kuwa ana iya tambayar wane irin adon harshe ne, amsar ita ce siffantawa, "metaphor". Inda ya fi dacewa shi ne maƙala, jawabin muhawara da wasiƙa zuwa ga edita.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kai rubutun takardar shagon buga takardu. Da na je karɓa na tarar yaron shagon ya "gyara" mini: duk inda na rubuta "the tip" ya mayar "a tip", har da kanun shafin farko, kuma ya riga ya buga kwafi 25. Na ce, "Ɗan'uwa, wa ya ce ka taɓa?" Ya ce ai haka ake faɗa. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ma duk sun koma akwatuna. Mai shagon ya ba da haƙuri, muka raba asarar. Na biya naira 2,500 na wanda ya lalace. Na zauna kusa da kwamfutar aka gyara a gabana, aka sauya nau'in rubutu zuwa wanda ke karɓar ƙ da ɗ da ɓ, aka fitar da kwafi ɗaya na karanta kafin a ci gaba. Sabon bugu naira 5,000.

Ban zubar da na farkon ba. Zan raba musu su nemo kurakuran da jan biro.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Babu darasi.

Asabar, 8 ga Maris

Mun mayar da zama ƙarfe bakwai zuwa takwas da rabi saboda rana. 'Yan mata da dama ba su zo ba, aikin gida ya ƙaru. Na aika musu takardar ta hannun 'yan'uwansu. Waɗanda suka zo sun yi aikin jan biro, kuma kusan duka sun kamo "a tip" ba tare da na nuna ba.

Asabar, 15 ga Maris

Gwaji. Na ba su batu uku su zaɓi ɗaya, na ce wanda ya ga salon bai dace da batunsa ba kada ya sa. Batu na uku wasiƙar godiya ce ga wanda ya gina wa makaranta ɗakin karatu, da gangan na sa shi. Cikin waɗanda suka zaɓe shi mutum ɗaya ne kawai ya cusa salon. Yarinyar nan mai maganar kada ta rubuta kan yaran da ke talla lokacin makaranta. Ta fara da waɗanda ake gani a bakin titi, ta sa salon da "may be", ta biyo da 'yan aikatau da ke cikin gidaje inda ba mai ƙirga su. Sakin layinta ya fi wanda muka gina tare.

Na fito da takardun 11 ga Janairu kowa ya gyara jimlarsa ta farko. Raunin da ya rage shi ne jimlar bayan salon: da yawa suna cewa akwai sauran matsaloli masu yawa, su tsaya nan, ba su faɗi ko ɗaya ba. Wannan za mu ɗauka makon gobe, kowa ya zo da hujja biyu kan batunsa kafin ya fara rubutu.

Abin da na kashe zuwa yau ya ɗan haura naira 10,000, ban da gishiri da kuɗin acaba. Iyaye biyu sun ce za su ɗauki kuɗin bugu na gaba. Bayan Sallah za mu shiga "a blessing in disguise" da "the last straw", kuma waɗanda azumi ya hana zuwa zan yi musu zama na daban ranar Lahadi, a sake musu gwajin ƙanƙara, tunda yanzu ana samun ta a kowane lungu.